Ruwan tsakiyar teku garau yake, to wane ɓarɓashi ake aunawa a cikinsa?

Malamin Kimiyya, Ringim

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga masana ruwa ce. Ana cewa ruwan saman tsakiyar teku, can nesa da gaɓa inda babu takin da tsiro zai ci, ya fi kowane ruwa haske, har ana hango farin faifai da aka zura mita hamsin a ƙasa. Sai kuma a ce masu bincike suna auna girman ɓarɓashin da ke yawo a cikinsa, wai girman ma canzawa yake yi. Wane ɓarɓashi ne a ruwan da ya yi garau haka, kuma me ke canza girmansa? Na biyu, akwai gwajin da 'yan aji biyar na sakandare za su iya yi da ruwan kogin Haɗeja ko na kududdufi? Abin da makaranta take da shi bai wuce kwalabe, agogo, silinda mai cin lita ɗaya da sikeli mai auna har giram 0.01 ba.

Uwar Biyu, Gwaram

Wa alaikumus salam, Malam. Garau ɗin nan yaudarar ido ce. Ruwan cike yake maƙil, ƙanƙantar abin da ke ciki ce ta ɓoye shi.

Sai mun fara da ma'auni. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Kaurin gashin mutum maikiron 50 zuwa 100 ne, ƙwayar gero kuwa ta haura 2000. To sarkin wannan ruwa wata ƙwayar halitta ce mai suna Prochlorococcus, girmanta wajen maikiron 0.6, tana haɗa abincinta da hasken rana kamar ganye. Saboda ƙanƙantarta sai a 1988 aka bayyana wa duniya ita, aikin Sallie Chisholm da abokan aikinta a Amurka. A mililita ɗaya, wato kamar ɗigo ashirin, ana samun 100,000 ko fiye. A cikin mililitan nan dai akwai bakteriya wajen rabin miliyan, da bairos miliyoyi. Akwai kuma Synechococcus, wadda ta ɗan fi Prochlorococcus girma, mai maikiron ɗaya. Sauran kuwa gawarwakinsu ne, da kashin masu cin su, da wata yauƙi mara launi da ƙwayoyin ke fitarwa, da ɗan ƙurar da iska ta kawo.

Me ya sa ƙanana suka mamaye wurin? Manyan majujuwar teku, wato wuraren da ruwan teku ke kewayawa a faffaɗan da'ira, guda biyar ne, biyu a Fasifik, biyu a Atilantika, ɗaya a Tekun Indiya. A tsakiyarsu iska tana tara ruwan saman teku wuri ɗaya tana danna shi ƙasa, rana kuma ta dafa shi ya yi sauƙin nauyi ya zauna bisa mai sanyi kamar man gyaɗa bisa ruwa. Takin naitiret da fosfet suna can ƙasa da mita 100 zuwa 150, ba su da hanyar hawowa. Ɗan abin da ya rage a sama, mai fata da yawa ne ke fara tsotse shi. Dakakkiyar kanwa ta fi dunƙule saurin jiƙewa domin ruwa na taɓa ta ta ko'ina. Haka ƙwayar maikiron ɗaya: idan aka kwatanta fatarta da cikinta, ta ninka ta maikiron goma har sau goma. Babbar ƙwaya da yunwa take kwana a wurin. Shi ya sa koren sinadarin kulorofil a nan ba ya kai miligiram 0.1 a lita 1000 na ruwa, a tsakiyar kudancin Fasifik ma yakan sauka zuwa wajen 0.02.

Canjin girman kuwa hawa-hawa ne, kuma wanda ya fi ban sha'awa shi ne na yini. Daga fitowar rana ƙwayoyin suna ƙiba, domin suna tara abinci. Daga la'asar sakaliya zuwa cikin dare sai su rabu biyu kusan a tare, kamar an kaɗa musu ƙararrawa. Da dare wasu ƙananan mafarauta masu maikiron 2 zuwa 5 suna cinye kusan adadin da aka haifa. Don haka na'urar da ke auna yadda ɓarɓashi ke tare haske takan nuna mafi ƙaranci da asuba, mafi yawa dab da magariba, kullum. Amma a lura, idan ƙwaya ta ninka cikinta sau biyu, faɗinta da kashi 26 cikin ɗari kawai yake ƙaruwa. Mai maikiron 0.6 ta koma wajen 0.75. Na'urar da ba ta gani ƙasa da maikiron ɗaya ba za ta san an yi ba.

Canjin da ke bin shekara kuwa ya danganta da wurin da ake. A tashar bincike ta ALOHA, kilomita 100 arewa da tsibirin Owahu na Hawayi, ana ɗibar ruwa kusan kowane wata tun Oktoban 1988. A can manyan ƙwayoyi a lokacin zafi suke bayyana: masu ɓawon gilashi irin su Rhizosolenia da Hemiaulus, waɗanda ke ɗauke da wata ƙaramar baƙuwa mai suna Richelia a jikinsu. Ita ce ke kamo musu naitirojin daga iskar da ta narke a ruwa, aikin da ƙwayoyin saiwar wake da gyaɗa suke yi a gona. Daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta sai su nutse da yawa har ƙasan teku. A kusa da Bamuda kuwa, a Tekun Sargaso, sanyin hunturu ne ke gauraya ruwa ya ɗago taki, sai yabanyar ta zo a ƙarshen hunturu.

Akwai na zurfi ma. Kulorofil ba a sama ya fi yawa ba, sai wajen mita 100 zuwa 125 a ALOHA, inda ragowar haske ya haɗu da farkon taki. Kada a ɗauka ƙwayoyin sun fi yawa ne a can. Yawanci kowace ɗaya ce ta ƙara kore don ta kama ɗan hasken da ya iso.

Ɗan Kadawa

Hajiya ta gama da ɓangaren halitta. Ni bari in taɓa awon, domin rabin canjin da mutum zai gani a takarda daga hannun mai awo yake fitowa, ba daga teku ba.

Masu wannan aiki ba sa cewa matsakaicin girma kaza ne, lissafin ba ya da amfani. Abin da suke dubawa shi ne yadda adadi ke zubewa yayin da girma ke hawa, sai su ba wannan gangara lamba. A teku lambar takan faɗa tsakanin 3 da 5, galibi kusa da 4. Ga ma'anar 4 a aikace: idan ƙwayoyin da suka haura maikiron 1 miliyan ɗaya ne, waɗanda suka haura 10 dubu ɗaya ne, wanda ya haura 100 guda ɗaya tak. Abin mamakin shi ne idan aka tara cikinsu, rukunin 1 zuwa 10 da rukunin 10 zuwa 100 kusan kunnen doki suke yi. Wani masanin teku mai suna Sheldon da abokansa ne suka nuna haka a 1972. Idan lambar ta hau 4.5, kowane rukuni na sama kashi ɗaya cikin uku ne kawai na wanda ke ƙasa da shi, ƙanana sun yi rinjaye, ruwan yunwa ke nan. Idan ta sauka 3.5 abin ya juye, manya sun ninka sau uku. Ka ga ɗan motsin rabin lamba ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar ita ce babu na'ura ɗaya da ke ganin duka. Mai ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da hasken leza ita ce ta 'yan ƙasa da maikiron 2 ko 3. Na'urar Coulter tana zuƙo ruwa ta wani ɗan rami, kowace ƙwaya ta gifta sai wutar lantarki ta motsa, amma daga kashi 2 zuwa 60 cikin ɗari na faɗin ramin kawai take aunawa. Ramin maikiron 100 zai ba ka 2 zuwa 60, abin da ya fi haka toshe shi zai yi. Na'urar LISST-100X kuwa ana zura ta cikin ruwa ne, tana karanta yadda haske ya watse a zobba 32. Samfurin B daga 1.25 zuwa 250, samfurin C daga 2.5 zuwa 500. Wato Prochlorococcus, wadda ta fi duk masu haɗa abinci da hasken rana yawa, ba ta cikin lissafinta ko kaɗan. Daga maikiron 100 zuwa sama kuma sai kyamara. Wanda ya kwatanta lambar gangara ta na'urori biyu ba tare da ya duba daga ina zuwa ina kowacce ta auna ba, ya gwada mudu da tiya.

Inda ake yawan tafka kuskure:

Ruwan sifili. Kafin a zura LISST sai an nuna mata tsabtataccen ruwa da aka tace ta maikiron 0.2, a ce mata wannan ne babu. A ruwan tsakiyar teku tazarar da ke tsakanin babu da akwai siririya ce ƙwarai, shatin yatsa ɗaya a gilashin ko ƙananan kumfa a ruwan sifilin sun isa su shafe sakamakon. Ana barin ruwan ya kwana ya saki iska, a goge gilashi, a maimaita har karatu uku su yi daidai.

Mahaɗar ruwan ɗumi da mai sanyi. A nan haske yana karkacewa kamar yadda kwalta ke rawa da tsakar rana, na'ura kuma sai ta rubuta shi a matsayin manyan ƙwayoyi. Duk tarin manya da ya bayyana daidai inda zafin ruwa ya faɗi, a tuhume shi tukuna.

Kwalbar ɗiba. Famfon kwalbar Niskin yana ɗan sama da gindinta. Idan ta yi awa ɗaya a tsaye, masu nauyi sun sauka ƙasa da famfon, ba za su fito ba. Idan kuma aka girgiza ta da ƙarfi, dunƙulen yauƙi ya farfashe, babba ɗaya ya zama ƙanana ɗari. A hankali ake juya ta, kuma a auna da wuri.

Yawan ruwa. Kuskuren ƙirga ɗaya ne bisa tushen adadin da aka ƙirga, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin: guda 100 suna ba da kashi 10 cikin ɗari, 400 suna ba da 5. Ga ƙanana ɗigo kaɗan ya isa. Ga dunƙulen da ya haura rabin milimita, wanda mai yiwuwa ɗaya ne a lita ko ƙasa da haka, sai an leƙa lita ɗaruruwa. Mafi yawan hawa da saukar da ake gani a ɓangaren manya ƙarancin ruwan da aka duba ne.

Idan tacewa za a yi, rariya uku ake jerawa: ta maikiron 20, ta 2, ta 0.2, a ja ruwa da sassauci. Jan ƙarfi yana fasa ƙwayoyi, rariyar da ta fara toshewa kuma tana kama abin da ya kamata ya wuce. Takardar tacewa ta zaren gilashi mai suna GF/F da aka saba da ita ramukanta wajen 0.7 ne, ana gasa ta a zafin digiri 450 na awa huɗu kafin awon kabon, kuma wasu ƙananan bakteriya suna sulalewa ta cikinta.

Tsohon Injiniya, Ɓagwai

Malam, a gaskiya sikelinku ba zai auna ruwan teku ba. Ɓarɓashin da ke lita ɗaya ta irin wancan ruwa galibi bai kai miligiram 0.1 ba, sai an tace lita 100 kafin sikelin ya motsa sau ɗaya. Amma dokar da ke hana shi nutsewa, ita kam ana iya nuna ta a aji da lakar bakin kogi.

Dokar Stokes ce: saurin nutsewa yana bin faɗin ƙwaya sau kansa. Faɗi ya ninka goma, sauri ya ninka ɗari. Ƙwayar ƙasa mai maikiron 10 tana sauka wajen mita 8 a yini, mai maikiron 1 santimita 8. Ƙwayar halitta mai maikiron 1, da yake nauyinta kaɗan ya ɗara na ruwa, milimita biyu zuwa uku take yi a yini, wato ba ta nutsewa ke nan, motsin ruwa ya fi ƙarfinta. Sai sun manne da juna ko an cinye su an kasayar, sannan dunƙulen ya riƙa sauka mita gomomi har ɗaruruwa a yini.

Ga yadda za a yi. A shanya laka ta bushe, a marmashe ta da hannu, a tankaɗe a fitar da tsakuwa da ciyayi. A auna giram 50, a jiƙa da ruwa kaɗan da rabin cokalin shayi na garin sabulun wanki, ta kwana. Sabulun ne ke raba yumɓu da juna; in babu shi yumɓun zai dunƙule ya nutse kamar yashi, lissafi ya ɓaci. Washegari a juye a silinda, a cika zuwa lita ɗaya, a toshe baki da tafin hannu a kifa a ɗago na minti ɗaya. Ana ajiyewa a danna agogo.

A yi wa bututun sirinji alama a santimita 10, domin daga wannan zurfin za a riƙa zuƙo mililita 25 a hankali. Idan zafin ruwan digiri 30 ne, ɗiban farko a daƙiƙa 35, lokacin duk abin da ya haura maikiron 50 ya wuce. Na biyu a minti 3 da daƙiƙa 40, na maikiron 20 ke nan. Na uku bayan awa 6 da minti 10, abin da ya saura yumɓu ne ƙasa da maikiron 2. Da hunturu, ruwa na digiri 20, lokutan su koma daƙiƙa 44, minti 4 da daƙiƙa 40, da awa 7 da minti 45, domin ruwan sanyi ya fi kauri. Kowane ɗiba a zuba a gwangwanin da aka riga aka auna, a busar ƙarau, a sake aunawa, a ninka da 40 a sami na lita. A yi silinda ta biyu da ruwa da sabulu kawai, a cire nauyin sabulun.

Abu uku ke lalata shi: ajiye silinda a rana ko bakin taga, domin gefen da ya yi ɗumi yana tayar da ruwa ya dawo da yumɓu sama, zuƙa da gaggawa, mai jawo na ƙasa, da auna gwangwanin da bai gama bushewa ba. A bar shi sai nauyin ya tsaya a awo biyu a jere.

Wanda yara za su fi so shi ne na kwalabe uku. A cika su da ruwan yumɓu mara sabulu. Ta farko a bar ta haka, ta biyu a zuba gishiri giram 35 a lita, daidai da na teku, ta uku ɗan alif ko dakakken ƙwallon zogale. Ta gishiri da ta alif za su washe su bar ta farko da duhunta. Wannan ne ya sa lakar da kogin Neja ke ɗaukowa take zubewa a bakin teku, ba ta isa tsakiya. A ƙarshe a rufe tagogi a haska tocila mai siririn haske ta cikin kwalbar da ta fi washewa. Layin hasken zai fito sarai, shaidar cewa garau ba ya nufin babu komai.

Malamin Kimiyya, Ringim

Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe, wannan gwajin kam za mu iya. Hajiya, kin ambaci ƙurar da iska ke kaiwa. Hazon hunturun nan da ke rufe mu yana cikinta?

Uwar Biyu, Gwaram

Yana ciki ƙwarai, Malam, ga Atilantika dai. Babban tushensa kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, gindin tsohon Tafkin Chadi na zamanin da yake da girma. Farar ƙasar wurin ma ɓawon ƙwayoyin ruwa ne masu gilashi da suka mutu tun tafkin yana nan, dangin waɗanda na ambata a sama. Wani lissafin tauraron ɗan'adam na hukumar NASA da aka fitar a 2015 ya ce kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin yammacin Sahara zuwa kan Atilantika a shekara, wajen miliyan 27.7 daga ciki har dajin Amazon suke kaiwa. Masu kauri suna zubewa kusa, a kan rufinmu da gaɓar Afirka ta Yamma. Mafi yawan masu ƙetarewa 'yan maikiron kaɗan ne.

Tasirinta ga girman ɓarɓashi ba ta adadinta ya fi zuwa ba, ta takin da ke jikinta ne. Kusan kashi 3.5 cikin ɗari na nauyinta sinadarin ƙarfe ne, kuma masu kamo naitirojin suna da bukatarsa sosai. Shi ya sa Trichodesmium, mai yin curi kamar zare wanda ido ke iya gani, ya fi yawa a arewacin Atilantika inda ƙura ke sauka, ya yi ƙaranci a kudanci inda ba ta cika zuwa ba. Ƙura mai maikiron 2 ta haifar da curi mai milimita ɗaya ko biyu. Tana kuma maƙalewa a dunƙulen yauƙi ta ƙara masa nauyi ya nutse da sauri.

Ɗan Kadawa

Ƙari kaɗan a kan na Hajiya, kada yara su ɗauka ko'ina haka ne. A ALOHA ƙurar daga hamadar Asiya take zuwa, a watannin Maris zuwa Mayu, kuma ba ta kai ta Atilantika ko kusa ba. Kudancin Fasifik kuwa kusan babu mai kai masa, yana cikin dalilan da suka sa ya fi ko'ina haske.

Idan kuna son hazon ya shiga gwajin Baba Injiniya, ku ɗora faranti mai zurfi a kan rufi daga Disamba zuwa Fabrairu, ku shimfiɗa duwatsun wasa na gilashi ko wankakkiyar tsakuwa a ciki don kada iska ta sake kwashe abin da ya sauka. Ya yi nisa da hanyar mota da wurin sussuka, in ba haka ba ƙurar gari da ƙaiƙayi za ku tara. Abin da za a samu ba zai kai giram 50 ba, don haka ba na sikeli ba ne: a wanke shi cikin kwalba ɗaya, a girgiza, a jera ta da kwalbar lakar kogi mai duhu iri ɗaya, a riƙa duba su a minti 1, minti 5, awa 1 da awa 6.